Tsinken Ashana da Waƙar Daɓe

A shekarun da kuɗin man fetur suka fara shigowa ƙasar nan, soja na kan mulki, an yi wata yarinya a unguwar Gidan Igwai a Sakkwato. Tana aji shida. Sunanta ya kuɓuce mini, amma rikodar gidansu ban manta da ita ba.

Babanta, Alhaji Abdulwahabu mai sayar da atamfa, shi ya zo da rikodar daga Makka. Baƙa ce, mai jan maɓalli guda na ɗaukar murya. Da farko lafiya lau take aiki. Daga baya jan maɓallin ya lalace. In an danna shi, sai ya tashi da kansa.

Yarinyar ce ta gano dabara. Sai ta danna maɓallin, ta soka tsinken ashana a gefensa, ta ɗan daki cikin rikodar sau biyu. Nan take sai kaset ya fara juyawa. Duk gidan ba wanda ya iya sai ita. Kowa zai ɗauki murya, dole ya neme ta. Wannan abu yana yi mata daɗi ƙwarai.

Wata rana babanta ya ce, "Akwatin ga ya fara gardama. A kai ma Dauda mai gyaran rediyo ya duba shi."

Ta ce, "Lafiyarta lau, Baba. Hannu kawai take so."

Ta san ba gaskiya ta faɗa ba. Tsoronta in an gyara, ba wanda zai sake nemanta.

Ana nan sai malamarsu, Malama Monika, ta ba 'yan aji aiki. Ta ce, "Kowa ya samo mini waƙa guda ta mutanen dā. Nan da mako biyu nake so. Wanda ke da kaset ya ɗauko mana muryar, mu ji da kunnenmu."

Yarinyar ta ɗaga hannu. "Malama, zan kawo waƙar daɓe. Kakata ta iya ta."

Daɓe shi ne yadda mata ke gyara ƙasan ɗaki kafin zuwan siminti. Su zuba tsakuwa da jar ƙasa, su yayyafa ruwa, su jeru da madaɓi, wato katako mai faɗi, suna duka tare suna waƙa. A lokacin siminti ya cika gari, daɓe ya fara ɓacewa.

Kakarta, Inna Zulaihatu, tana zaune a ƙauyen Kwalkwalawa. Ranar Asabar za a yi daɓen sabon ɗakinta. Baba ya so ya sa mata siminti, ta ƙi. Ta ce sanyinsa yana shiga ƙafa.

Da hantsi yarinyar ta isa da rikoda da sababbin batura. Mata bakwai sun durƙusa a jere. Ta ajiye rikodar a ƙasa bakin ƙofa, ta danna maɓalli, ta soka tsinke, ta daka sau biyu. Kaset ya juya.

Inna ta kalle ta. "Wannan abin naki, addu'a aka yi mashi ko duka?"

Mata suka yi dariya. Inna ta ba da waƙa, suka amsa. Madaɓai suna sauka tare, ƙasa tana girgiza. Inna ta ambaci ƙawayenta na ƙuruciya ɗaya bayan ɗaya, har wata tsohuwa ta share hawaye. Yarinyar ta shagala da kallo.

Da aka gama, ta juya ga rikodar. Jan maɓalli ya tashi. Tsinken yana kwance a ƙasa. Girgizar daɓen ce ta fitar da shi.

Ta mai da kaset baya, ta kunna. Aka ji muryar Inna tana tsokanarta, aka ji dariya, aka ji dukan madaɓi sau uku. Sai shiru.

Ta ce, "Inna, don Allah ki sake."

Inna ta ce, "In sake mi? Ɗaki ya daɓu. Ba a waƙar ga da hannu banza, ɗiyata. Madaɓi shi ka ba ni baitin. In na zauna haka nan, ko ɗaya ba ni tunawa."

Yarinyar ta koma gida. Ta sami babanta a zaure bayan La'asar, ta durƙusa.

"Baba, ƙarya na yi maka. Rikodar ba ta da lafiya tun tuni. Na ɓoye don a riƙa nemana."

Ya gyara zama. Sannan ya ce, "To yanzu mi kika so a yi?"

"A gyara ta. Sauran kuma ni zan nemi hanya."

Washegari ta ɗauki rikodar da kanta zuwa rumfar Dauda. Ya kwance bayan rikodar, ya karkaɗe ta. Guntayen ashana suka zubo a kan tebur.

Ya ce, "Ƙanwata, rikoda kinka kawo min ko murhu?"

Ya nuna mata wani ɗan ƙarfe da ya lanƙwashe. "Kin ga mai laifin. Shi ka riƙe maɓallin. Aikin minti goma ne. Na'ura an yi ta don ta ɗauke maki aiki, ba don ki zama mai gadinta ba."

Ya sa sabo. Ta danna maɓallin, ya zauna daram. Ta girgiza tebur, bai motsa ba.

Saura ɗakin da za a daɓe. Ta tuna da ɗakin girkin Inna, wanda ƙasansa ya yi ramuka. Ranar Jumma'a bayan an taso makaranta, Baba ya kai ta Kwalkwalawa. Ta ɗauki kwano, ta yi ta jido tsakuwa da jar ƙasa daga bayan gari. Sau nawa ta je, ban riƙe ba, amma wuyanta ya yi ciwo, tafin hannunta ya yi ja. Ta bi gida bakwai ta gaishe da matan, ta roƙe su su dawo.

Wata ta ce, "Mu sake wahala don akwati?"

Ta ce, "Ba don akwati ba ne, Gwaggo. Don waƙar ce. Laifina ne, na kuwa gyara."

Ranar Asabar suka zo, duka bakwai. Ta ajiye rikodar, ta danna maɓalli sau ɗaya. Ba tsinke, ba duka. Inna ta miƙa mata ƙaramin madaɓi.

"Tunda abin ya daina neman reno, zo ki shiga layi."

Ta durƙusa kusa da kakarta. Ba ta waiwayi rikodar ba ko sau ɗaya. Tana duka, tana amshi, har aka kai bakin ƙofa.

Ranar Litinin Malama Monika ta kunna kaset a aji. Muryar Inna ta cika ɗakin daga farko har ƙarshe. Can a cikin masu amshi, sai aka ji wata siririyar murya.

Malama ta ce, "Wannan ba ke ce ba?"

Yarinyar ta yi murmushi. Ta ba su labarin tsinken ashana, ba ta rage komai ba.

Malama ta ce, "Kun ji, yara. Abin aiki in ya lalace, a faɗi gaskiya, a gyara shi sosai. Kada a ɓoye, kada a yi ta lallaɓa shi. Da tana can tana gadin tsinke, da ba mu ji muryarta a waƙar nan ba."

Tun daga ranar kowa a gidan yake kunna rikodar da kansa. Yarinyar kuwa ba a daina nemanta ba. Sai dai yanzu waƙar daɓe ake cewa ta zo ta rera.