Baitocin da Afra'u Ta Ƙi Gogewa

"Ba zan goge ba, Sagiru."

Afra'u na tsaye a zauren gidansu da ke Fammar, ta rungume wayarta a ƙirji. Sagiru, wanda aka sa musu ranar aure bayan babbar sallah, ya cire hula ya share gumi. Motar hayar da yake jigila da ita daga Rano zuwa Kano tana ƙofar gida.

"Ki saurare ni mana, rabin raina... Yaya Alu ne fa ya ce a goge su. Tun rasuwar Baba, maganarsa ce maganar gidanmu. Jiya ya tarar da direbobi a tasha sun kewaye waya ɗaya suna sauraron muryarki."

"Batsa suka ji na yi?"

"A'a."

"Sun ga fuskata?"

"Ba su gani ba, amma..."

Abin da Afra'u take yi bai yi kama da waƙar da aka saba ba. Takan ɗauki bidiyon duwatsun Rano bayan ruwa ya ɗauke, ko dawa tana rangaji a gona, ta ɗora baitocinta a kai. Haruffan su hau dutse ɗaya bayan ɗaya su ɓace cikin gajimare, muryarta tana karantawa a hankali haɗe da kukan hasbiya. Ta fara ne saboda mahaifiyarta, Inna Jumai, da ɓarin jikinta ya shanye ta daina fita gona. Daga baya ta sa a intanet, abin ya bazu.

"To ki ɓoye su har a ɗaura," Sagiru ya sassauta murya. "Bayan biki ki ci gaba."

"In shiga gidanku da yaudara ke nan? Ina son ka, Allah ya sani. Amma wadda za ka aura ita ce mai yin waɗannan baitocin. Babu wata Afra'un."

Ya mayar da hularsa ya fita.

Inna Jumai ta ji komai daga ɗaki. Ta kamo hannun 'yarta da hannunta mai lafiya.

"Goge, 'yar nan. Kar ki rasa miji saboda ni."

"Inna, ki yafe mini... wannan karon ba zan bi maganarki ba." Ta kifa kai a cinyarta tana kuka.

Washegari ta je bakin rafi, ta rubuta baiti a kan yashi da tsinke, ta ɗauki bidiyon ruwa yana lashe shi, ta sake sawa a intanet. Sagiru bai kira ba. Ita ma ta danne zuciyarta ba ta kira shi ba.

Ranar Juma'a da hantsi sai ga ƙarar hon ɗin mota a ƙofar gida. Sagiru ya yi sallama, ya durƙusa gaban Inna.

"Inna, na zo in kai ki ki ga duwatsun nan da idonki."

Su biyu suka tallafe ta zuwa mota. A gindin dutse ya tsaya, ya buɗe wa Inna ƙofa. Iska mai ƙamshin damina ta shigo, tsohuwar ta kalli duwatsun hawaye na bin kumatunta.

Sagiru ya juya ga Afra'u. "Ba ni baiti ɗaya. Ki ɗauke ni a bidiyo, har fuskata."

Ta saita wayar. Ya tsaya gaban dutsen, ya faɗi sunansa da na mahaifinsa, ya karanta da muryarsa ta 'yan tasha:

"Dutsen garinmu bai iya tafiya ba,
rana ce take tattaki ta zo gaishe shi."

Da kansa ya tura wa Yaya Alu. Ba a jima ba wayarsa ta yi ƙara. Afra'u tana jiyo faɗan daga inda take.

"Na ji, Yaya," Sagiru ya ce da ladabi. "Girmanka yana nan. Amma yanzu ni da ita muka yi abin tare, kuma ita zan aura."

Bayan babbar sallah aka ɗaura. Alu bai zo ba, Baffa Ɗanmalam, ƙanin mahaifinsu, shi ya karɓa wa Sagiru auren.

Da aka kawo amarya, Afra'u ta ga idon mijinta ya yi ja.

"Ka yi nadama?" ta tambaya a hankali.

"Yayana ne, dole ya yi mini ciwo. Zan yi ta zuwa gaishe shi har ya huce." Ya riƙe hannunta. "Amma nadama kam, a'a, Afra."