Rijiyar da Aka Cike Kafin Ranarta

Ana idar da sallar magariba dutse na farko ya faɗo kan kwanon gidan Injiniya. Aka ce yaran maƙwabta ne. Kwana uku ana jifa, ba a ga mai jifa ba. A na huɗu Auta, 'yarsa mai shekara tara, ta ajiye cokali, ta ce da muryar tsohuwa, "Ina 'ya'yana?"

Injiniya shi ke riƙe da rumbun bayanai a hukumar ruwa, mutum ne da bai yarda da abin da allon kwamfuta bai nuna ba. Amma da ya ga maza biyu sun kasa riƙe yarinyar, da ƙafarsa ya je ya ɗauko Malam.

Malam ya daɗe yana karatu. Sannan ya dubi Auta, ya yi wa aljanar da ke jikinta magana.

"Baiwar Allah, me yarinyar nan ta yi miki?"

"Ba ita ba, ubanta. Masu cike tsofaffin rijiyoyi sun zo sun yi mana sallama, yadda aka saba. Suka ce mu tashi kafin huɗu ga Satumba. Tara ga Afrilu aka zubo mana ƙasa. Ina waje, 'ya'yana na ciki."

Nan take Injiniya ya tuna. Ma'aikata sun shigar da ranakun cike rijiyoyin a kwamfuta a matsayin rubutu, 04/09, rana kafin wata. Shi ya juya su zuwa kwanan wata da umarni guda, yana sauri, bai faɗa wa na'urar tsarin ba. Ita kuwa ta ɗauki lambar farko a matsayin wata.

"Laifina ne," in ji Injiniya. "Ki taɓa ni, ki bar ta."

"A tone rijiyar gobe," in ji Malam. "Ke kuma ki fita yanzu."

"In na same su da rai, na bar ta har abada."

Auta ta yi atishawa, ta sulale jikin uwarta, ta nemi ruwa. Uwar ta fashe da kukan murna.

A bakin ƙofa Malam ya tsaya yana sa takalmi.

"Injiniya, umarnin nan naka, rijiya ɗaya ya taɓa?"

Injiniya ya dubi 'yarsa tana shan ruwa.

"Goma sha bakwai, Malam."

Malam ya cire takalmin, ya koma ciki ya zauna kusa da yarinyar.