Daƙiƙa Arba'in na Kiɗan Guinep

Safiyar Litinin Mas Hopeton Gayle ya ɗora tsohon tef ɗinsa a kan na'ura, a situdiyonsa da ke unguwar Waterhouse, ya ji farkonsa shiru. An goge daƙiƙa arba'in.

Tef ɗin na kiɗan da ake kira Guinep ne, wanda mawaƙa sama da ɗari biyu suka ɗora waƙa a kansa cikin shekara arba'in. Ranar Asabar za a kunna shi a bikin karrama Mas Hopeton.

'Yar sanda Sajan Icilda Pinnock ta zo. Ba a ɓalle ƙofa ba.

"Me ke wurin da aka goge, Mas Hopeton?"

"Muryata. Ina rera kiɗan da baki, kafin kowa ya taɓa molo. Shaidata ke nan."

Mutum biyu ke da makulli bayan shi. Na farko Ranking Tullo, mawaƙin da aka cire daga jerin bikin.

"An ce ka rantse sai ka ƙona wurin."

"Na rantse mana! Ai da ni ne, Sajan, toka za ki tarar. Ina ni ina zaɓen daƙiƙa?"

Ta miƙa masa tef ya ɗora. Ya juya shi baibai. Ta kore shi.

Na biyu Linval Brissett, injiniyan situdiyon tun farko, wanda kuma ya kaɗa molo a tef ɗin. Duk mashayar unguwar ta san labarinsa: shi ya ƙirƙiro Guinep, Hopeton ya kwashe suna.

"Jiya ina gida," in ji shi. "Tambayi matata."

Sajan ta koma kan na'urar, ta goga yatsa. Tas. Mas Hopeton ya ce tef mai waɗannan shekaru danƙo yake yi. Sai an gasa shi awa takwas a wuta kaɗan-kaɗan kafin ya juya, in ba haka ba ya saɓule. Shi bai gasa ba, ɗoki ya mantar da shi. Amma tef ya juya lafiya.

Ta tafi gidan Linval, ta sami matarsa.

"Miss Merle, jiya maigida na nan?"

"Yana nan, ina ma ba ya nan! Lahadi guda ya tsare mini murhun gashi, wai magani yake busarwa. Kaza ta kwana ɗanya, shinkafa da wake muka ci gaya."

Linval na zaune a baranda. Bai tashi ba.

"Mai son ɓarna zai lalata duka," Sajan ta ce. "Kai ka gasa shi, ka goge muryar Hopeton, ka bar molonka ko ƙwarzane babu. Me ya sa?"

"Na ɗauka ne in saurara. Na tabbata ni zan ji a farko." Ya dubi hannunsa. "Shekara arba'in ina cewa nawa ne, har na yarda. Sai ga muryar ɗan banzan nan yana rera mini, ni kuma ina cewa, sake, ban kama ba."

"Tashi mu je. Za ka maimaita a rubuce."

Ranar Asabar aka kunna tef ɗin. Mas Hopeton ya hana a tsallake shirun. Cikin daƙiƙa arba'in ɗin ya karanta wa jama'a takardar Linval.