Filtar Lutfi da Jarkokin Baba Mabruk

Ranar da Wided ta fara ganin Lutfi, turin mota yake yi. Farar a-kori-kura ce, tumaki huɗu a baya suna ta kuka, shi kuma gumi ya jiƙa masa riga sharkaf. Ya tsaya yana haki a ƙofar shagon kayan mota na gwaggonta, inda take tsaro a garin Medenin.

"'Yar'uwa, kuna da batir?"

"Ba batir ba ne," ta ce, ko tashi ba ta yi ba. "Jiya na ji tarinta da ka wuce. Ruwa ta sha. A ina kake shan dizal?"

"Wajen Baba Mabruk mai sayar da mai a jarkoki, a hanyar Ben Gardan. Dattijon kirki ne, sai dai man nasa..." Ya yamutsa fuska.

"Mahaifina ne."

Lutfi ya rasa inda zai sa kansa. Ita kuwa ta ɗauko masa ƙarin filta, irin mai kwalba a ƙasa inda ruwa ke kwantawa. Ta ce ya ɗaura ta tsakanin tanki da filtar asali, a tsaye, nesa da zafin salansa, kuma kada ya manta ya fitar da iska.

Ya manta. Washegari ya dawo, jibi ya sake dawowa wai kilif ɗin tiyo ya kwance. A zuwa na huɗu ta gane da hannunsa yake kwance shi.

Da yamma saƙo ya shigo: "Injiniyata, mota ta warke, mai motar ne ya kamu. Akwai maganinsa a shagonku?"

Ta rubuta: "Babu. Ka matse kilif ka daina ɓata min lokaci." Amma nasa saƙon sai da ta karanta shi sau shida.

Wata uku ana haka, har magana ta kai ga iyaye. Nizar, ɗan kawunta da ya daɗe yana nemanta tana zillewa, shi ya ɓata lamarin. Ya bari sai da Lutfi ya zo shan mai wajen Baba Mabruk, dattawa na zaune suna shayi, ya ɗaga bonet ya nuna musu kwalbar. Ruwa ne yatsa biyu, da jan tsatsa a ƙasa.

Shekara talatin Baba Mabruk yana tace mansa da farin ƙyalle a bakin mazurari. A wannan hanyar, man mutum shi ne sunansa.

"Wanda ya sa wa maina mai gadi," ya ce a gida, "kada ya tako min ƙofa."

"Baba, ba laifinka ba ne. Durom yana gumi, kowa ya sani."

"Wa ya sayar masa da filtar?"

"Ni ce."

Ya ture kwanon abincinsa ya fita. Kwana tara bai yi mata magana ba, ban da amsa gaisuwa.

Tana cikin wannan takaicin Lutfi ya ƙara mata wani da wannan saƙo: "Hasken idona, na cire filtar, na jefar. Ranar Juma'a zan zo da Umma da kawuna neman aurenki, da man Babanki a tanki, babu mai gadi. Zai ga ban raina shi ba."

Wided ta ji kamar ta maka wayar da bango. "Kai mai kunnen ƙashi, kilomita arba'in ne babu inuwa, kuma Umma tana da hawan jini. In kana sona ka zo ka karɓi wata."

Bai zo ba.

Ranar Juma'a aka dafa kuskus da naman rago. Aka sauko daga masallaci, abinci ya huce, shiru. Baba Mabruk ya ce dama ba da gaske suke ba. Sai ga waya: motar ta mutu a tsakiyar hanya tun hantsi, Lutfi ya ji kunyar faɗa.

Wided ba ta yi kuka ba. Ta je shago ta ɗauko sabuwar filta, da tiyo, da sifana, da gorar ruwan sanyi, ta tsaya gaban mahaifinta.

"Baba, tsohuwa ce a cikin rana. Ko ka kai ni, ko in tafi da ƙafa."

Ya dube ta, ya ɗauki makulli.

Sun tarar da mahaifiyar Lutfi zaune a ɗan inuwar motar, ƙafafunta sun kumbura, tiren kayan zaƙi ya narke a gefenta. Wided ta durƙusa ta ba ta ruwa, ta jiƙa mata mayafi. Lutfi ko kallo bai samu ba.

"Alhaji Mabruk," tsohuwar ta ce, "ɗana ya ce mutuncinka ya fi injinsa. Ni dai ba a tambaye ni ba."

Baba Mabruk ya nufi motar. Ya zare tiyon mai, ya tara kofin shayi, ya ɗaga shi a rana. Man ya taso sama, ruwa ya kwanta a ƙasa. Ya daɗe yana kallo.

"Durom ɗin baya ne," ya ce a hankali. "Murfinsa ya tsage tun bara." Ya miƙa hannu ba tare da ya juyo ba. "Wided, sifana."

Shi ya yanka tiyo, ita ta riƙe filtar a tsaye har ya ɗaure. Lutfi aka bar wa danna famfon mai, yana dannawa kumfa na fita, dattijon na yi masa faɗa.

"Sakarai. Ka shanya uwarka a rana don ka faranta min? Da 'yata ce a ciki da goyo fa? Wannan kwalbar, kowace safiya ka zubar da ruwanta. Ranar da ka sake cire ta, ranar zan zo in ɗauki 'yata."

Hannun Lutfi ya tsaya. "Baba, ai ba ka ba ni ita ba tukuna."

"Tayar da motar mu gani."

A murɗawa ta uku ta kama. Tsohuwar ta rangaɗa guɗa daga zaune, kawun Lutfi ya ɗaga hannu, aka shafa Fatiha a nan bakin titi, kowa hannunsa na warin dizal.

"Har yanzu fushi nake yi da kai," Wided ta ce ƙasa-ƙasa.

"Na sani. Har yaushe?"

"Sai ƙafar Umma ta saɓe."

Bayan an gama tsinkar zaitun aka ɗaura aure. Baba Mabruk ya dafa kawunansu ya ce, "Allah Ya ba ku zaman lafiya da zuri'a mai albarka. Kai kuma, in ta ce maka kada ka yi, ka ji."