Koma Ka Ɗauko Ta!

"Baba, wannan ce ta uku fa!"

Thabisile ta ajiye wasiƙar kusa da kwanon tuwona. Ban buɗe ba, kamar yadda ban buɗe biyun farko ba. Na san abin da ke ciki: kawunnan Lwandle ne ke neman izinin zuwa gidana maganar aurenta.

"Ko ta goma ce, mayar musu."

"Me ya yi maka ne?"

"Namiji da gemunsa, sana'arsa birgima a ƙasa ba riga? Shekara ashirin da shida ina tuƙa bas daga KwaMashu zuwa cikin Durban, ban taɓa ganin wanda ya riƙe iyali da murguɗa ƙugu ba!"

"Ni ma ai sana'ata ke nan..."

"Ke 'yata ce, dole na haƙura. Shi kuwa ba ni na haife shi ba."

Idanunta suka cika. Kafin mahaifiyarta MaGumede ta rasu shekara uku da suka wuce, ta sa ta yi alkawarin ba za ta auri wanda ban sa wa albarka ba. Shi kuma Lwandle, wata ƙungiyar rawa ta Cape Town na nemansa. Da zarar sun gama wasannin bana zai tafi, in babu maganar aure ba zai dawo ba.

"Ka zo ranar Asabar da rana," in ji ta. "Mu huɗu muka tsara sababbin raye-raye, tawa ce ta uku. Shi ne a gaba. Ka kalla sau ɗaya tak, Baba. In ka fito ka ce a'a... na haƙura da shi."

Ranar Asabar na sa kwat ɗina na zuwa coci, na ja ƙanwata Phumzile muka tafi ɗakin wasan.

Rawar farko, mutum shida ne sanye da buhunan leda, ba kiɗa ba waƙa, sai numfashi kamar shanu sun sha gudu.

"Yaya, an fara ne ko gyaran wuri suke?" Phumzile ta raɗa mini.

"Yi mini shiru!"

Ta biyu, wata doguwar yarinya ta yi ta faɗuwa tana tashi, wasu biyu na zuba mata yashi a ka. Da aka gama, mutane suka miƙe suna tafi har da masu share hawaye.

"Oho, ashe farfaɗiya ma sana'a ce," in ji Phumzile. "Da na sani ai da ban sha wahalar ɗinki ba."

Na riga na shirya a'a ta a baki. Sai fitilu suka sake haske.

Lwandle ya fito a hankali. Ba tsirara ba. Tsohuwar rigata ta aiki ce a jikinsa, mai launin toka, wadda na ɗauka ta ɓace. A hannunsa kuwa... reshen magarya.



Kowa a al'ummarmu ya san wannan reshe. In mutum ya mutu nesa da gida, da shi ake zuwa wurin da ya cika a ɗauko ruhunsa. Mai riƙe da reshen yana tafe yana gaya wa mamacin hanya: ga titi za mu tsallaka, ga mota za mu shiga. Ba ya waiwaye, ba ya amsa wa kowa magana har sai sun shiga gida. In ya yi wa wani magana, ruhun zai tsaya a nan, sai an koma an ba shi haƙuri.

Lwandle na tafe leɓɓansa na motsi. Kafaɗarsa ta hagu ta ɗan karkace, irin tawa da sitiyari ya lanƙwasa. A bayansa wata mace cikin shuɗin zane tana binsa, duk inda reshen ya juya nan take juyawa. Tana ɗan jan ƙafar dama.

Phumzile ta damƙe hannuna. "Wayyo Allah... Yaya, tafiyar MaGumede ce!"

Sai ƙarar motoci ta cika ɗakin, da ihun 'yan kamasho. Can aka ji ƙarar birki, muryar yarinya ta ƙwalla, "Baba!"

Lwandle ya waiwaya. Ya buɗe baki ya amsa.

Matar ta tsaya cak.

Haka aka yi, ba ƙari ba ragi. Ranar da na ɗauko ruhun MaGumede daga asibiti, ni da Thabisile ne kaɗai. A tashar mota wata ƙaramar bas ta kusa take Thabisile, ta ƙwalla mini kira, na juya na kira sunanta, na fizgo ta. Na san abin da ya kamata in yi. Amma dangi na jira a gida, an riga an yanka akuya, kunya ta hana ni cewa na yi kuskure. Na shiga da reshen na yi shiru. Na ɗauka ruɗewa ta hana yarinyar lura. Shekara uku ina wucewa ta tashar nan da bas kullum, ban taɓa iya duban wurin ba.

A kan dandamali, Lwandle ya ci gaba da tafiya yana magana da reshen da babu kowa a bayansa. Matar tana miƙa hannu, ƙafafunta sun ƙi ɗagawa. Yana ta nisa... ya kusa labule... fitilu sun fara dushewa...

Ban san lokacin da na miƙe ba.

"Kai! Koma ka ɗauko ta!"

Kowa ya juyo yana kallona. Phumzile na jan kwat ɗina. "Yaya, zauna, za ka kunyata mu!"

"Na ce ka koma! Kar ka bar ta a nan!"

Lwandle ya tsaya, ƙafarsa ɗaya ta riga ta shiga bayan labule. Bai dube ni ba, bai ce uffan ba. Ya juyo, ya tako har gaban matar, ya durƙusa, ya ajiye reshen a ƙafafunta, goshinsa a ƙasa. Kiɗan ya riga ya ƙare. Ita kanta mai rawar ta ruɗe, na ga tana satar kallon gefe. Ya daɗe a haka leɓɓansa na motsi. Sannan ya ɗauki reshen ya miƙe, ta ɗaga ƙafar nan ta dama, ta bi shi.

Aka ɓarke da tafi. Wani Bature a bayana ya dafa kafaɗata yana yaba mini, wai na iya wasa ƙwarai.

Ban tsaya ganin rawa ta huɗu ba. Na fita na zauna a kan matakala cikin rana. Thabisile ta fito da gudu.

"Baba, ka yafe mini! Ba don in tona maka asiri na yi ba..."

"Ashe kin sani?"

"Ni ce fa na sa ka yi magana! Da ban shiga titi ba, da Mama tana gida. Shekara uku na kasa faɗa da baki, shi ne na faɗa da abin da na iya."

"Haba 'yata... haba uwata! Ke kina ɗauke da shi, ni ina ɗauke da shi, a gida ɗaya?"

Na rungume ta muka yi ta kuka, masu wucewa na kallonmu.

Lwandle ya fito, ya tsaya nesa, har yanzu da rigata a jikinsa.

"Ba haka na tsara ba," ta ce masa tana share ido. "Ka ɓata mini ƙarshen rawa, ga shugabar ƙungiyarmu can tana nemanka."

"Ta neme ni. Baba ne ya ce in koma."

"Zo nan, ɓarawon riga," na ce. Ya matso ya rusuna. "Me kake gaya mata da ka durƙusa?"

"Cewa na yi, Mama ki yi haƙuri, 'yarki ce Baba ya tsaya ya ceta."



"Gobe bayan coci zan koma tashar nan da sabon reshe," na ce. "Rabin mutanen wurin sun san ni, kowa sai ya gaishe ni. Ina neman wanda zai shiga gabana ya riƙa amsa musu."

"Ga ni, Baba."

Haka aka yi. Yana gaba yana tare 'yan kamasho da tsofaffin abokan aikina, Thabisile da Phumzile na baya. Da muka shiga bas, muka kama wa MaGumede kujerarta ita kaɗai a jikin taga, inda take so. Na gaya mata kowace kwana, kowace gada. Ban waiwaya ba ko sau ɗaya.

Da muka iso, Lwandle ya riga mu ya buɗe ƙofar gida, ya koma gefe ya sunkuyar da kai.

Na ɗaga reshen kusa da bakina.

"MaGumede, mun iso. Yi a hankali, ga dakalin nan da kike tuntuɓe da shi. Wannan da ya buɗe miki ƙofa kuwa... surukinki ne."