Zebo Mai Gudun Bakin Anhor

Karo suka yi, karo kuwa na gaske. Sanjar ya fito daga lambun shaƙatawa da sassafe yana haki, ya karya kwanar da ke gangarawa bakin ruwan Anhor da ya ratsa tsakiyar birnin, sai ji ya yi an bangaje shi ta gefe. Ya tafi taga-taga, saura ƙiris ya faɗa ruwan.

"Wayyo, ka yi haƙuri yayana, wallahi ban gan ka ba!"

Ya juyo da niyyar faɗa. Budurwa ce siririya mai farin ɗankwali, ta rufe baki da hannu.

"Duk girman nan nawa?" ya ce yana shafa tumbinsa. "Saboda shi fa likita ya koro ni gudu."

Ta yi dariya har da sunkuyawa. Sunanta Zebo, tana koya wa yara kiɗa a wata makaranta. Shi kuma direban jirgin ƙarƙashin ƙasa ne a nan Tashkent.

Tun daga ranar gudu ya tashi daga magani ya koma ɗoki. Sukan zagaya lambun, su bi gefen ruwan har gada, su sayi somsa, gasasshen fulawa mai nama a ciki, da zafinsa wurin wata tsohuwa, su mayar da duk abin da suka ƙona. Tana ce masa toron giwa ko Sanjar-aka, wato yaya Sanjar, yana ce mata Zebojon, wato Zebo abar ƙauna.

Wata safiya ya tsaya gefen hanya da furanni, yana ɗaga mata hannu. Ta zo ta wuce daf da shi, ko waiwaye babu. Ya yini a cikin jirgi zuciyarsa na tafasa, daga baya ya tura mata saƙo:

"Zebojon, laifin me na yi? Kin wuce ni kamar ba ki taɓa sanina ba."

Sai bayan la'asar amsa ta zo:

"Sanjar-aka, ban gan ka ba. Gobe ka zo, akwai abin da na daɗe ina ɓoye maka."

Washegari a kan benci ta kama hannunsa, ta naɗe yatsunsa kamar bututu, ta kara masa a ido.

"Leƙa ta nan. Iyakar abin da nake gani ke nan, kuma kullum ƙara tsukewa yake. Ciwon ido ne da na gada. Shi ya sa nake gudu, ina so in ƙoshi da kallon ruwan nan kafin a rufe mini."

"Mu je Moscow. Mu je Indiya. Zan sayar da motata."

"Mahaifina ya kai ni ko'ina. Duk bakinsu ɗaya."

Mutumin da ke tsayar da jirgi cike da jama'a da hannu ɗaya, yau ya rasa abin da zai tsayar.

Da ya gaya wa mahaifiyarsa, wadda yake kira Oyi, cewa zai auri Zebo duk da ciwon idonta, ta ajiye butar shayi a hankali.

"Ni na san makanta, kai ba ka san ta ba. Ciwon sukari ya cinye idon mahaifinka, ni na yi ta fama da shi har ƙasa ta rufe shi. Ban raine ka don ka gaji wannan wahalar ba."

"Oyi, ina son ta."

"Ni ma ina son mahaifinka. So bai hana ni kuka a banɗaki ba."

Ta yi ta kuka tana roƙonsa ya ga Dilrabo, 'yar maƙwabta mai aiki a kantin magani, ko sau ɗaya ne. Ya kasa ce mata a'a. Gwaggonninsa da suka shirya haɗuwar kuwa ba su zaɓi ko'ina ba sai wannan lambun. Yana tafe da Dilrabo, su suna biye a baya suna ƙus-ƙus, sai ga Zebo ta taho a guje ta gabansu. Idon da ya kasa ganinsa riƙe da furanni, ranar ya gan shi tar. Ta ja ta tsaya, ta juya.

Kafin ya isa gida saƙonta ya riga shi:

"Na gan ku. Kyakkyawa ce, kuma ita za ta ga fuskar 'ya'yanka. Kada ka sake nemana. Allah ya sanya alheri."

Ya kira, waya a kashe. Ya je ƙofar gidansu, mahaifinta ya fito ya riƙe masa hannu ya ce, "Ɗana, ta ce a ba ka haƙuri. Ni ma ba yadda zan yi da ita."

Sanyi ya shigo, ganye ya kaɗe. Sanjar bai fasa fita ba. Kullum yana bin gefen ruwan shi kaɗai, duk farin ɗankwalin da ya hango sai gabansa ya faɗi. Dilrabo da kanta ta aiko cewa ta haƙura, wai gangar jikinsa kawai aka kawo mata. Oyi ta riƙa cika masa faranti da shinkafa da nama, tana ɗauke shi yadda ta ajiye.

Ran nan ta yafa mayafinta ta tsaya a kansa.

"Tashi ka kai ni. In gan ta da idona, in ga abin da ya mayar mini da ɗa haka."

Mahaifiyar Zebo ta tarbe su a tsakar gida, ta nuna musu ƙofar kicin. Zebo na zaune gaban faifan murza ƙullu, ta ɗaure idanunta da ƙyalle. Tana lalube tana yanka albasa, yatsunta duk filasta da tabon ƙuna.

"Tun da ta daina fita haka take yini," in ji uwar a hankali. "Wai ba za ta zame wa kowa kaya ba."

Oyi ta dubi yatsun yarinyar. Sai ta tuɓe takalmi ta shiga, ta zauna kusa da yarinyar.

"Lanƙwasa yatsunki ciki, wuƙar ta riƙa gogar bayansu. Gishiri kuma wuri ɗaya za ki ba shi, kada ki yarda kowa ya matsar."

Zebo ta daskare. "Wace ce?"

"Uwar wancan ramammen. Na roƙi mahaifinsa har na gaji ya koyi zuba wa kansa shayi, ya ƙi, ya zauna jiran mutuwa. Na ɗauka kowa haka yake." Ta dafa kafaɗar Zebo. "Kwance ƙyallen nan, 'yata. Duhun zai zo da ƙafarsa, ba sai kin je tarye ba. Yanzu da sauran haske, dubi ɗana."

Zebo ta kwance. Ta yi ta juya kai tana nemansa har ta same shi a bakin ƙofa.

"Sanjar-aka... ina sauranka?"

"Yana wurinki," ya ce, hawaye na bin gemunsa.

A makon nan manya suka zauna aka karya gurasar baiko bisa al'adar garin. Da ɗumi ya dawo, itatuwa suka yi fure, aka busa ƙahonni tun asuba, mazan unguwa suka cika layi cin shinkafar biki.

Idon bai jira biki ba, ya ƙara tsukewa. Da aka kawo amarya, ta ja Sanjar bakin taga inda rana ke shigowa.

"Tsaya nan, kada ka motsa."

Ta fara daga hularsa, ta sauko goshi, ido, baki, kaɗan-kaɗan, don ba ta iya haɗa fuskar a kallo ɗaya. Mata na jira, shayi na hucewa, shi kuwa ko ƙyaftawa bai so ya yi. Babu abin da zai iya ba ta sai wannan tsayuwar, ya kuwa tsaya har ta ce ta ƙoshi.

Oyi ta ɗaga tafukanta, ɗakin ya yi tsit.

"Allah ya sa ku tsufa tare, ya cika gidanku da 'ya'ya da jikoki. Abin da ya gagare mu, mun bar masa."

Aka shafa, aka ce amin.