Mai Tsinke Furen Tasalla

Ran da Zulaihatu ta fara ganin Kalilu, saura kaɗan ta kurma ihu. Da sassafe ne, a bayan gidansu a Burkusuma, ta hango mutum tsugune cikin kabewar marigayiya innarta, Tasalla. Da ma unguwa ta ɗauka cewa mai kabewar ce ke dawowa, don kullum ana iske furanni a tsinke. Ashe fatalwar nan saurayi ne, har da jakin ɗibar ruwa!

Fari ya ci ƙasa, ƙudan zuma sun ƙaura. Kabewar sai ta yi fure ya kaɗe, ba ɗa ko ɗaya, kuma ita ce irin ƙarshe da Tasalla ta bari. Zulaihatu kan raba ruwan shanta da ita.

Kalilu ya nuna mata fure mai siririn wuya, da ɗan tsinke mai gari rawaya a ciki, ya ce shi ne namijin. Macen kuwa tana da ƙululu a gindi. A kuɓewa fure ɗaya suke zaune, a dabino kowa da bishiyarsa, amma kabewa sai an kai wa macen garin, aikin da ƙudan zuma ke yi a da.

"Innarki ta koya mini," in ji shi. "Ba ni iya wucewa in bar ta."

Ta juya baya ta yi kukanta. Daga ranar take ce masa Fatalwata, shi kuma yana ce mata Hurena, wato furena.

Maliki, wani mai babur da ke son ta, ya kai wa mahaifinta Malam Bawa tsegumi, wai asiri ake haɗawa da furen matarsa. Tsoho ya hana Kalilu ko bin hanyar gidan.

Saƙo ya shigo wayarta: "Hurena, kar ki bari rana ta yi zahi. Ki shafa garin a hankali. Za ni jira."

Wata safiya Malam Bawa ya zagaya baya, ya ga mace tsugune, kafaɗa a karkace, sak Tasalla. Ya matsa kusa. Da ta waiwayo, ashe Zulaihatu ce, ga kuma 'yar kabewa kamar ƙwan zabuwa a gabanta.

Ya dubi 'yar kabewar, sannan ya ce, "Kira shi."

Da kabewar aka yi taushen biki. Tsohon da kansa ya shanya irin, ya damƙa musu. "Ku kai ta gidanku. Allah Ya yi muku albarka."